Na Kai Farantin Sola Inuwar Mangwaro

Ni a aji biyu na sakandare karatuna ya tsaya, na koma gona tun ban yi gemu ba. Lokacin da abin nan ya faru ina noman rani a wata fadama wajen Adogi, attaruhu da tattasai, kuma ina jin haushin kowa. Fetur ya fi ƙarfina, injin ban ruwana ya ƙone da tsakar rana, 'yan uwana masu aikin ofis a Lafia ko wayata ba sa ɗauka. Da ƙyar na sayi famfon sola. Mai shagon ya zo da kansa ya kafa farantin a fili, ruwa ya kama zuba, ba hayaƙi ba ƙara.

Wata rana da azahar na ɗora hannu a kan farantin, sai da na fizge, zafi kamar kaskon tuya. Duk wanda ya yi ban ruwa da inji ya san ba a barinsa a rana, inuwa ake nema masa, a rufa masa buhu. Ban tambayi kowa ba, na kwance farantin na kai ƙarƙashin mangwaro. Daga nan ruwa ya koma ɗis-ɗis a bakin tiyo. Attaruhun da ya fara fure ya yi yaushi, furen yana zuba ƙasa, kuma da shi gidana zai ci har damina. Na je shagon na zazzaga wa mutumin masifa a gaban jama'a, na ce jabu ya sayar min. Ya tambaya ko na taɓa wani abu, na ce a'a, don a ganina gyara na yi.

Maƙwabciyata a gona, wata dattijuwa 'yar ƙabilar Tibi, ita ta zo aron fartanya ta ga farantin. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce, Baban yara, wai a gidanku a inuwa ake shanya rogo? Ta ce abin da rana ce abincinsa na hana shi ci, kuma ina zaginsa da ragwanci. Muka kinkime shi mu biyu muka mayar fili. Ba ta gama yi min tsiya ba tiyo ya cika ya zabura a hannuna. Wallahi zama na yi a ƙasa, ina kallon ruwa yana bin gona.

Shukokin gefe sun mutu, amma sauran sun farfaɗo, na kai attaruhu kasuwa. Na koma na ba mai shagon haƙuri. Ya ce in dai riƙa goge farantin da tsumma.

Manoma 'yan uwana, sola ba inji ba ne, kada ku yi masa gatan inji. In kuma kun taɓa wani abu, ku faɗa tun shuka tana da rai.