Safara'u a Kan Rufi

A Maigatari, in namiji zai hau rufi sai ya fara yin shela, "Za a hau sama," don matan maƙwabta su shige ɗaki. Safara'u mai haɗa sola ba ta taɓa yin wannan shelar ba. Tsaninta kawai take jinginawa, ta tamke ɗankwali, ta haye.

Wajen kawunta Abdurra'uf ta koyi aikin. Ta daɗe tana miƙa masa filaya da sauran kayan aiki daga ƙasa, yana cewa sama ba wurin mace ba ne. Sai aiki ya riƙa kufce masa, domin magidanta ba sa son ƙato yana hango musu tsakar gida, matan kuwa sun gaji da tuƙa tuwo da tocila a baki. Dole ya sakar mata tsanin.

Yanzu in ta hau, maimakon ɓuya, fitowa matan suke yi suna tambaya, "Mu yaushe za ki zo mana?"

Kawu kuwa yana zaure, yana gadin babur ɗin da suka zo aiki a kai. In aka tambaye shi ina take, sai ya nuna sama da haɓa ya ce, "Tana can inda na ce ba wurinta ba ne."