Ranar da Na Yi wa Inna Tafinta

A Yelwa akwai wani ɗan gidan tarihi, ɗaki biyu da baranda, inda aka tara tsofaffin taru, tukwane da hotunan garuruwan da ruwan Kainji ya cinye. Duk Laraba bayan Azahar, lokacin da ma'aikata ke fitowa cin abinci, akan gayyato mutum ɗaya ya yi magana kan tarihin ƙasarmu. Mutane su zo da ƙullin alala ko soyayyen kifi a takarda, su zauna a benci suna ci suna saurare. Makarantar da nake koyarwa tana kusa, don haka ba na fashi. Ni ce kuma sarauniyar ɗaga hannu, har masu jawabin nake yi wa gyara.

Wannan bakin nawa shi ya ja mini. Wata Laraba mai jawabi ya ce da wuya a sami wanda ya rage da zai ba da labarin zaman gungu, wato tsibiran da ke tsakiyar kogi kafin a yi dam. Na miƙe na ce mahaifiyata a gungu aka haife ta, a can aka yi mata aure, da idonta ta ga ranar da aka tashe su saboda dam ɗin. Mai kula da gidan, wani dattijo mai sanyin magana, ya ce in kawo ta mako mai zuwa. Ya tambaya ko Hausa za ta yi ko Gunganci, harshen mutanen gungu. Na ce duk wanda ta yi, ni zan fassara.

Ban kai ƙofa ba na fara da-na-sani. Ni ba na jin Gunganci. Bayan tashi aka haife ni, kuma tun ina firamare, da yara suka fara kwaikwayon maganata suna dariya, na watsar da shi. Abin da ya rage mini gaisuwa ce, da sunayen kifi, da zagi biyu. Da Hausa Inna ta raine mu. Amma tun ciwon da ta yi a shekarar da ta gabata Hausarta ta fara zubewa. Sai ta yi doguwar magana da harshen iyayenta, ni kuwa in ce, "To, Inna," in ci gaba da tsintar shinkafa. Ban taɓa gaya mata ba na fahimta ba, kunya ta hana ni.

Makon nan abinci bai yi mini daɗi ba. Na yi addu'ar a tashi da ruwan sama. Na yi tunanin in ce ba ta da lafiya, na ji tsoron bakina ya kama ta. Ranar da muka je, dattijon ya fito da waya zai ɗauki muryarta don ajiya, nan take na ce Inna ba ta son a ɗauke ta. Ƙarya ce tsagwaronta. Tsoro nake kada wani mai jin harshen ya saurara daga baya ya tona ni. Shi kuwa bawan Allah har ya roƙi jama'a kowa ya mayar da wayarsa aljihu.

Da Hausa Inna ta fara, har na sauke ajiyar zuciya.

"Ni dai ban yi boko ba," in ji ta. "Abin da idona yag gani shi zan hwaɗi."

Ta ba da labarin jiragen da suka zo kwasar su, da yadda akuyarsu ta ƙi shiga. Aka yi dariya. Sai dattijon ya sauko da wani hoto daga bango ya miƙa mata: bakin wani gungu, kwalekwale biyu, da wata babbar tsamiya. Inna ta kai shi dab da idonta. Da ta buɗe baki, babu Hausa ko kalma ɗaya.

Ta yi magana, ta tsaya, ta kalle ni. Kowa ya kalle ni. Kalma biyu kawai na tsinta, ruwa da itace. Na ji bakina yana cewa, "Ta ce a gindin wannan tsamiya suke da gonar albasa." Kowa ya san Gungawa da albasa, don haka aka gyaɗa kai.

Ta ci gaba, wannan karon ta riƙe wuyan hannuna gam, tana nuna gefen hoton da yatsa. Na ce tana bayanin yadda suke ban ruwa. Wani ɗalibi yana rubutawa a littafi. Hawaye suka zubo mata, na ce tana kewar gonarta ne. Allah Ya yafe mini, har wata mata ta ce, "Wayyo."

A bencin baya akwai wani tsoho mai sayar da goro a ƙofar gidan. Na lura ya daina tauna, ya zuba mini ido. Jira kawai nake ya miƙe ya kunyata ni gaban iyayen ɗalibaina. Bai miƙe ba. Aka tafa, aka watse.

A baranda ya tare ni, lokacin da Inna ke laluben takalminta.

"Ɗiyata, ita ta haihe ki?"

Na ce e.

"To wagga magana ba da mu taka yi ba, da ke taka yi. Kuma babu albasa ko guda cikinta."

Ya yi ƙasa da murya ya faɗa mini. Kafin ni Inna ta haifi ɗa namiji, ya rasu tun bai fara rarrafe ba, aka binne shi kusa da tsamiyar nan. Da aka zo tashi, kowa ya ɗauki kayansa, ita ta bar nata a ƙasa. Ba ta taɓa faɗa wa 'ya'yanta ba. Ta ce ƙarfinta ya ƙare, ba za ta sake shiga jirgi ba, shi ya sa take ba ni alamar wurin, don in na ratsa ruwan in yi wa yayana addu'a a daidai kansa.

"Wace alama, Baba?"

"Kunnena ya yi nauyi, ga hwanka na ƙara. Na ji ta ce dutsi, na ji in ya daidaita da wani abu. Sauran ya wuce ni."

Na yi masa godiya, na je na kama hannun Inna.

Da muka isa gida na durƙusa gabanta na ce, "Inna, don Allah sake faɗa mini wurin, da Hausa."

"Ai na hwaɗa miki gaban mutane," in ji ta. "Kuma kin hwaɗa musu."

Bayan kwana biyu na kawo tsohon mai goron har gida don ya fassara mini. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta gaishe shi gaisuwar baƙo, ba ta ƙara komai ba. Na fara bin wata maƙwabciya tana koya mini harshen, amma ina kan ƙidaya Inna ta rasu.

Hoton yana nan a bango. An liƙa 'yar takarda a ƙasansa mai cewa gungun ya yi suna wajen noman albasa. Har yau ina zuwa ranar Laraba, sai dai na daina ɗaga hannu.

Idan tafiya ta kama ni ta ruwa, tun daga bakin gaɓa nake fara addu'a, ba na tsayawa sai jirgi ya taɓa ɗaya gefen, don ban san inda yake ba. Fasinjoji sukan yi mini dariya, su ce malama tsoron ruwa take ji. Ban taɓa yi musu gyara ba.