Labaran da Iyalinsa na Bayan Katanga

Labaran ɗan Djougou ne, jikan fataken goro, amma bai gaji fatauci ba, shi dai a bar shi da ƙarfe. Zamanin juyin juya hali, lokacin da kowa a Benin ke kiran kowa kamarad, gwamnati ta tura shi Berlin ta Gabas koyon gyaran injin jirgin ƙasa. A can ya auri Heike, wata ma'aikaciyar jinya, suka haifi 'ya ya raɗa mata Mubina.

Da karatu ya ƙare aka ce ya koma gida. Heike ta nemi izinin bin mijinta, hukumar ƙasarsu ta hana. Haka ya baro yarinyar tana rarrafe.

Ya samu aiki a tashar jirgin Parakou, ya kama ɗaki a unguwar Banikanni. Duk zuwan da zai yi Djougou gaida mahaifiyarsa Hadjo, sai ta zaunar da shi ta ce auren nan fa ya mutu, ga 'yan mata nan a dangi. Yakan sunkuyar da kai ya roƙi ta ƙara masa lokaci. A ransa kuwa shi ma ya fara cire tsammani.

Wata safiyar Juma'a a Nuwamban 1989, yana kwance ƙarƙashin inji, abokin aikinsa Massaoudou ya jawo shi ta ƙafa ya kara masa rediyo a kunne. An buɗe katangar da ta raba Berlin ta Gabas da ta Yamma, mutane na ta ƙetarawa ba mai tare su. Labaran ya zauna a ƙasa, hannu duk baƙin mai, yana jin ana ambaton titunan da ya sani.

Da damina Heike ta sauka Cotonou da yarinyar, ya ɗauko su har Djougou. Hadjo ta amsa gaisuwa a daƙile. Sai ta jawo Mubina ta ƙura mata ido.

"Wannan goshin na babana ne," in ji ta. "Labaran, ka ce wa matarka ta shigo daga ciki."

Yanzu ya yi ritaya a unguwar Titirou ta Parakou. Heike ta shekara ashirin tana karɓar haihuwa a unguwar, har yau kuma ita ke cinikin doya, don ta fi shi iya taya kaya da yaren Dendi.