Takardar Lambun Baba

Ko mutuwa ta zo tana kunyata, sai na ba ta labarin shari'ar da na yi da yayana a Garwa, 'yan shekaru bayan samun 'yancin kai. Ba zan taɓa mantawa da ita ba.

Baba ya rasu ya bar lambun mangwaro a bakin Binuwai. Na san ya rubuta cewa rabi nawa ne, kuma akwatinsa na ƙarfe yana ɗakin Yaya. Da na yi maganar rabo, Yaya ya ce a bari a yi arba'in tukuna. Ni kuwa lokacin zuciya a kusa take. Na ce ɓoye takardar yake, na garzaya kotu a tilasta masa ya fito da ita.

Magatakarda ya ce ba a sauraron irin wannan roƙo sai an sanar da wanda ake ƙara da kwana takwas cur.

"Misye, ai ni da Yaya kwano ɗaya muke ci," na ce wa magatakardan. Da rana ina kai loma na sanar da Yaya. Ranar zama alƙali ya ce sanarwar bakin tuwo ba sanarwa ba ce, sai wisiye, mai kai takardun kotu, ya miƙa ta hannu da hannu.

Wisiye ya zo kan kekensa, ya tarar Yaya ya tafi cin kasuwar Mayo-Oulo. Da yake ni kaɗai ne namiji a gida, na karɓa, na dangwala yatsa, har na ba shi ruwa ya sha. Alƙali ya juya takardar ya ce tun da yake bai taɓa ganin mai ƙara ya sanar da kansa ba. Aka sake ɗagewa. Mangwaro kuwa ya nuna, kotu ta hana kowa taɓawa, jemagu suka yi ta biki muna kallo.

A karo na uku takardar kotu ta shiga hannun Yaya. Ya zo da akwatin a ka, ya sauke ƙarƙashin hoton shugaban ƙasa. Aka buɗe: tasbaha da tsofaffin riguna.

"Ina takardar?" in ji alƙali.

Yaya ya nuna ni ya ce, "Ranka ya daɗe, ga ta can a damtsensa. Baba ya sa an ɗinke ta cikin kambun da ya ba shi, don kada ta ɓace."

Na kai hannu zan tsinke kambun, alƙali ya daka min tsawa. Wai yanzu takarda tana hannun mai ƙara, don haka sai Yaya ya shigar da nasa roƙon, ya sanar da ni da kwana takwas.

Muka fito. A gindin wata dalbejiya Yaya ya zaro wuƙa ya farke kambun. Ga rubutun Baba da ajami: rabi nawa ne.

"Yaya, ka sani, shi ne ka yi shiru?"

"Wata biyar kana zuba hannu a kwanona, ƙanena. Ka taɓa cewa, Yaya, ina takardar?"

Wallahi kunya ta hana ni ɗaga kai. Rabin lambu na samu, amma daga ranar aka fara raba mana kwano, har Yaya ya koma ga Allah. Tun daga nan na koyi cewa kafin ka aika wa ɗan'uwanka wisiye, ka fara buɗe baki ka tambaye shi.