Murjanatu Mai Bargon Ƙyallaye

Murjanatu 'yar Fagge ce, a Kano. Shekara tara ke nan da ta zo Dubai, bayan mijinta Sharfuddeen ya samu aiki a wani ofishin kago a Al Buteen, inda ake ɗaure kayan 'yan kasuwa ana tura su gida. Suna zaune a Hor Al Anz, a fulat mai ɗaki uku wanda suka haɗa da wasu iyalai biyu. Taga ɗaya ce a ɗakinsu, a gindinta ta girke keken ɗinki.

Sana'arta gyaran abaya da rage tsawon jallabiya. Hajiyoyin da ke zuwa sari su ne masu kawo mata aiki, su ne kuma ke bar mata ragowar yadi: guntun atamfa, gefen shadda, ɗan leshin da aka nuna samfur da shi. Ita kuwa ba ta iya zubar da ƙyalle ba. Ta cika buhu biyu a ƙarƙashin gado, ta fara na uku, har Sharfuddeen ya ce in aka ci gaba a haka shi zai koma baranda.

Wata maƙwabciyarsu 'yar Filifin mai aikin jinya, da ta tashi komawa gida, sai ta bar mata wani littafin ɗinki da wata majinyaciya ta taɓa ba ta. Da Faransanci aka rubuta shi, Murjanatu ba ta gane ko kalma ɗaya, amma hotunan da lambobin awo sun wadatar. Littafin na nuna yadda ake yanka ƙyallaye ƙanana, a haɗa su su fitar da zane, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a bi da ɗinki har ya zama bargo. Na farkon da ta yi ya karkace kamar tabarmar da ruwa ya daka. Na biyu ya ɗan daidaita. Na uku ta zaɓi zanen da ke shafi na arba'in, jiragen ruwa masu filafilai a jere, don sun yi mata kama da waɗanda take gani a bakin ruwan Deira in ta kai wa maigidan abinci. Ta yi ruwan da shuɗiyar shadda, filafilan da atamfa, babu guda biyu masu kala ɗaya. Wata goma sha huɗu ta yi a kansa.

Ƙawarta Hannatou, 'yar Yamai da ke sayar da turare a wani shago a Al Muraqqabat, ita ta ga sanarwar. Za a yi baje kolin aikin hannu na matan da suka zo daga ƙasashe daban-daban, a wani zaure a Al Quoz. Ta taso takanas ta zo da fom ɗin a wayarta.

Suna cikawa suka iso wata tambaya. Hannatou ta karanta, ta fassara mata: "Sun ce zanen naki ne, ko daga littafi kika ɗauko? In daga littafi ne, sai an kawo takardar izini daga mai zanen."

"Izini kuma? Ai littafin ba ni aka yi."

"Littafin naki ne, Yaya Murja, zanen na mai shi ne. Ki ɗinka ki rufa a gidanki, ba komai. Amma ki rataya a bainar jama'a, wannan sai mai zanen ya yarda. Haƙƙin mallaka ke nan."

Sharfuddeen na gefe yana shan shayi. Ya ce, "Maman Aisha, ƙyallen naki ne, zaren naki ne, bayan da ya yi ciwo naki ne. Ki rubuta naki ne, khalas, shi ke nan. Wa zai sani?"

Murjanatu ta tuna mahaifinta, Malam Shu'aibu mai ɗinkin hula. Tana ƙarama ya ƙirƙiro wani zane mai kama da tsani a karkace, ya yi ta gwada shi a takardar siminti kafin ya sa allura. Cikin shekara biyu zanen ya cika kasuwa, amma da sunan wani mai shago ake kiransa. Malam bai taɓa kai ƙarar kowa ba. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne ranar da ya ce wa wasu matasa shi ya fara yinsa, suka yi dariya.

Ta ce wa Hannatou, "Rubuta wa mai zanen. Ke da kike jin yarensu."

A bayan littafin akwai sunan mai zanen, Solange Kervadec, da adireshin kamfanin da ya buga. Hannatou ta rubuta wasiƙa mai ladabi irin ta 'yan makarantar Faransanci, ta haɗa da hoton bargon a shimfiɗe a gado, ta tura ta imel. Mako ɗaya ya wuce, biyu suka wuce, shiru. Suka kira matar da ke kula da baje kolin, ta ce bargon ya burge ta, amma in babu takarda ba za ta rataya ba. Ta ƙara da cewa in Murjanatu na da wani wanda zanen nata ne, har yanzu akwai wuri.

Saura mako biyar. Murjanatu ta yi kwana biyu tana juya maganar, sannan ta samo takarda mai layi-layi ta fara zana tsanin hular mahaifinta, tana ƙara masa girma yadda za a iya yanka shi a ƙyalle. Da ta ɗauko almakashi sai ta tsaya. Ta ajiye, ta kira Kano.

Malam Shu'aibu ya tsufa, idonsa ya yi rauni, ya daɗe da ajiye allura. Bayan gaisuwa ta ce, "Baba, wata alfarma nake nema. Zanenka na tsani nake so in sa a bargo, a nuna wa mutane a nan. In ka yarda."

"Wane irin in na yarda? Ke da kayan ubanki?"

"Haka dokar take a nan, Baba. Sai mai abu ya ce to. Kuma za a rubuta sunanka a jiki."

Ya ce, "Shekara talatin ana ɗinka abin nan, ke ce ta farko da ta tambaye ni. Na yarda. Allah ya yi miki albarka. Amma ki kula, matakan bakwai ne, masu kwaikwayo ne suka mayar da su shida."

Ta duba takardarta. Shida ta zana. Ta goge ta sake.

Ƙaramin bargo ta yi, wanda bai fi na jariri ba, da baƙar shadda da jan ƙyalle da ruwan ƙwai. Ta rage karɓar gyaran abaya, hajiya biyu suka yi fushi suka kai aikinsu wani wuri. Sharfuddeen, da ya ji yadda suka yi da surukinsa, bai sake cewa komai a kan fom ba. Shi ya riƙa ɗauko Aisha daga makaranta, shi ya je kasuwar Naif ya nemo audugar da ta ƙare.

Ana saura kwana huɗu a buɗe, Hannatou ta shigo da sassarfa, ko sallama ba ta gama ba. Amsa ta zo, amma ba daga Solange ba, daga 'yarta. Ta ce kamfanin ya daɗe da rufewa, wasiƙar ta yi ta yawo kafin ta iso hannunta. Mahaifiyarta na da shekara tamanin da uku, tana gidan kula da tsofaffi kusa da Nantes a Faransa, kuma haƙƙin zanen ya dawo gare ta. An nuna mata hoton, ta daɗe tana kallo, ta ce a ba da izini. Sharaɗi uku ta kafa: a rubuta sunanta a katin bargon, kada a sayar da shi, kada a kwafi shafin littafin a raba wa mutane.

"Voilà," in ji Hannatou. "Yalla, maza ɗauko babban."

Duka biyun aka rataya, kusa da juna. Katin na farko ya ce zanen Solange Kervadec, ɗinkin Murjanatu Shu'aibu. Na biyu ya ce zanen Malam Shu'aibu Fagge. Murjanatu ta tsaya a gefe kwana uku cikin atamfarta mai kyau, tana yi wa mutane bayani da ɗan Turancinta da Larabcin kasuwa, in ya ƙare mata ta ƙarasa da hannu. An sa kyauta a baje kolin, amma ba ta ci ba. Wata 'yar Indiya ce ta ci, da wani aikin zare da Murjanatu da kanta ta ce ya cancanta. Wani Bature ya nemi sayen na jiragen, ta ce ba na sayarwa ba ne, ya ƙara matsawa, ta nuna masa katin ta girgiza kai.

A rana ta ƙarshe wata Balarabiya mai kula da wata cibiyar mata a Deira ta tsaya a gaban ƙaramin, ta tambayi yadda ake haɗa kusurwoyin ba tare da sun tattare ba. Murjanatu ta juya mata bayan bargon ta nuna mata. Matar ta ce ko za ta iya zuwa ta nuna wa wasu haka ranar Asabar. Cibiyar ce ta bi mata takardun koyarwa, aka ɗauki wata biyu kafin su fito.

Bayan ta tura hotunan baje kolin Faransa, 'yar Solange ta sake rubutowa. Tsohuwar na tambaya, wane irin yadi ne wannan shuɗin mai sheƙi, don ba ta taɓa ganin irinsa ba. Murjanatu ta yanko yadi ɗaya na shadda, ta bar shi da ƙamshinsa na sabunta, Sharfuddeen ya aika.

Yanzu mata takwas take koya wa, daga Sudan, Pakistan, Habasha, da wata 'yar Zinder. Har yau tana gyaran abaya, hajiyoyin nan biyu ma ɗaya ta dawo. Ta fara wani babban bargo da zanen kanta, rufin gidajen unguwarsu kamar yadda take hango su daga taga, da tankunan ruwa da igiyoyin shanya. Ta ce tankunan na ba ta wahala, don da'ira ba ta son zama a ƙyalle, amma ta yi guda uku da ta gamsu da su.