Tukunyar Mama Patricia

Kowace safiya keke napep na sauke Mama Patricia daga Dutsen Kura a ƙofar asibitinmu, da ƙunshin itace a hammata. Shekarunta da yawa tana dafa wa ɗakin yara masu tamowa abinci. Ni hidimar ƙasa ta kawo ni ɗakin. Ba ni da yawan magana, kallo na fi iyawa, kuma abin da na gani ya isa a faɗa.

Da can akwai babbar tukunyar kunu a ɗakin, mara lafiya ya sha, uwa ta sha, 'yan'uwansa da suka biyo ta su sha. Bara aka canza tsari. Aka kawo abincin leda, wani kwaɓin gyaɗa da madara mai gina jiki, na yaron da aka kwantar kaɗai, aka ce a kashe murhu. Abincin yana da kyau, ni shaida ce. Wasu ma'aikata suka ji daɗi, aiki ya ragu.

Sai aka kwantar da Samira, 'yar Rekiya mai tallar nono daga wajen Garatu. Kullum ana ba ta leda, kullum sikeli ba ya motsi. Malam Zikrullahi, ma'aikacin jinya, mutumin kirki ne amma ya gaji.

"Rekiya, ko ke kike shanyewa? In ba ta ƙaru ba za a cire ta, a ba wani gadon."

Mama Patricia ce ta bi Rekiya bayan ɗaki, ta tarar tana matsa ledar a yatsun yara uku, Samira da yayyenta biyu.

"Mama, yaya zan ba ɗaya, biyu suna kallon bakinta?"

"Ba za ki iya ba. Ni ma ba zan iya ba."

Washegari hayaƙi ya tashi a gindin mangwaro. Mama Patricia ta zo da dawa daga gonar ƙaninta, ta dama kunu, ta zaunar da yayyen suka sha suka ƙoshi, sannan ta miƙa wa Samira ledarta. Shugabar ɗakin ta fito.

"Patricia, an hana dafa kunu."

"Sista, tukunyar asibiti aka hana. Wannan da ita aka kai ni ɗakin miji."

"Saura kaɗan ki yi ritaya, za ki ja wa kanki takardar gargaɗi."

"A kawo. Da ma ina neman abin hura wuta."

An ba ta takardar, ba ta kashe wutar ba. Cikin 'yan makonni Samira ta fara tafiya tana riƙe gadaje. Malam Zikrullahi da kansa ya fara zuwa da gyaɗa, yana ajiyewa kamar mantuwa ya yi.

Mama, ke ce kika ƙi yarda a kira uwa ɓarauniya don ta raba loma. Ba ki yi faɗa da sabon tsari ba, ke kika sa ya yi aiki. Uwar marasa gado, wadda ta ƙirga har yaran da ba a kwantar ba. Masu cewa kin karya doka su zo su faɗa a gaban Samira.

Ranar Juma'a ta yi ritaya. Ba a yi taro ba, ba a janye gargaɗin ba. Mun gode, Mama, Allah ya ba ki lafiyar cin hutunki. Ku kuma ma'aikatan sauran asibitoci, kafin ku tsawata wa uwa, ku leƙa bayan ɗaki ku ga baki nawa ke jiran ledar nan.

Ta tafi ta bar tukunyar a gindin mangwaro. Har yau ba a ba da izini ba. Ranar Litinin ni na hura wutar.