Kawu Sajan da Janar Ɗinsa na Amurka

Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san Kawu Sajan ba ya zama. A tsaye yake tafiya tun daga Gagarawa. In direba ya ce, "Baba, zauna mana," sai ya ce, "Janar a tsaye ya ƙetare kogin ƙanƙara, ni gargada ce za ta zaunar da ni?" Ni kuwa ina riƙe da gefen rigarsa, sai salati nake.

Janar ɗin nan shi ne ya kori Turawan Ingila daga Amurka. A rediyo Kawu ya ji labarinsa, shekarar da Amurkawa suka cika shekara ɗari biyu da 'yanci, shi ke nan ya zame masa ɗan'uwa.

Da ya ji wai haƙoran Janar na katako ne, har Gumel ya je wurin kafinta a yi masa irinsu. Kafinta ya ce, "Sajan, gara fa?" Ya ce, "Gara a bakin soja? Ta gwada!"

Ran da shanun Jauro suka shiga geronmu, samari suka ɗebo sanduna. Kawu ya sha gabansu: "Ja da baya! Janar ya fi cin yaƙi da gudu." Aka yi ta masa ihu. Washegari sai ga Jauro da kansa ya zo ba da haƙuri, ba wanda ya zubar da jini.

Labarin da ya hana ni sakat shi ne na bishiya. Wai Janar yana ƙarami ya sare bishiyar ubansa, ya ce, "Ni ne, ba na ƙarya." To, ni na sheme dashen mangwaron Kawu da fartanya wajen noma, na ce akuya ce. Shekara uku in ya fara labarin nan, sai in nemi hanyar sulalewa.

Da ciwo ya kwantar da shi, na tsorata kada ya tafi da haƙƙinsa a wuyana. Na durƙusa na ce, "Kawu, ba akuya ba ce."

Ya ce, "Kai, Sale! Akuya da fartanya? Don wa kake tsammani nake maimaita labarin? Tashi, na yafe. Ka makara dai, amma ka zama Janar."

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yafe masa kamar yadda ya yafe mini. Allah Ya ba shi inuwar da ba mai sarewa.